Ƙaramin Gyaran Injiniya Maikuɗi

Tun Juwairiyya tana yarinya a Zandam ba a son aikenta. Ba ta ɓatar da saƙo, ba ta tsayawa wasa a hanya. Matsalarta ɗaya ce: ba ta iya kai saƙo ta baro dalilinsa a gida ba. Idan mahaifiyarta, Inna Talatu, ta ce ta shiga maƙwabta ta karɓo ɗan gishiri, sai ta tsaya a tsakar gidan mutane ta ce, "Wai a ba Inna gishiri, namu ya ƙare tun shekaranjiya, Baba kuma ya ce sai ranar kasuwa." Ta sha ranƙwashi a kan haka. Ranƙwashin bai gyara komai ba, iyakar abin da ya koya mata shi ne ta riƙa tsayawa nesa da hannun Inna kafin ta ba da rahoto.

Ita ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kama sunanta, sai "ke" ko "'yar nan". Mahaifinta manomin gero da riɗi ne, ya rasu tana sakandare a Gwaram. Ana cikin zaman makoki wani abokinsa na firamare ya zo da mota daga Birnin Kudu, ya zauna a tabarma ya yi kuka a gaban jama'a, kuka na gaske, sannan ya ce karatun yarinyar nan yana wuyansa. Injiniya Maikuɗi ke nan, kuma ya cika alkawari. Shi ya samar mata gurbi a kwalejin fasaha, shi ya ba ta tsohuwar kwamfutarsa mai fasasshen gefe, da ta gama kuma ya ajiye mata kujera a ofishinsa. Baba take ce masa. Shi kuma yana ce mata "'yata", musamman idan akwai baƙi.

Ofishin ɗaki biyu ne a bayan wani shagon taya a Birnin Kudu. Sana'arsu akwatunan rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana. A kowace rijiya akwai inji can ƙasa cikin ruwa, wanda masu aikin ke kira sumo, a jikin ƙarfen tanki kuma akwai ɗan akwati da ke ba shi umarni: tashi, tsaya, huta. Abin da ke cikin akwatin manhaja ce da Injiniya ya rubuta da hannunsa tun kafin ya yi furfura, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya ba. Ƙauyuka da yawa a Birnin Kudu da Gwaram da ita suke shan ruwa. Da idonsa ya fara gajiya da kallon allo, sai ya damƙa wa Juwairiyya kula da manhajar, ya ba ta mabuɗin rumbun da ake ajiye ta a intanet. Mabuɗin ba na ƙarfe ba ne, izini ne: wanda ke da shi yana iya shigar da gyara ba tare da ya jira kowa ba. Su biyu kaɗai ke da shi. Duk da haka ba ta taɓa shigar da komai ba sai ta nuna masa, don ladabi.

A wannan sana'a, duk wanda ya taɓa wani abu a cikin manhaja, kafin ya ajiye sai ya rubuta ɗan bayanin abin da ya yi. Ajiyar ita ake ce wa komit, bayanin kuma saƙon komit. Kwamfuta da kanta take manna wa kowane gyara lamba da sunan wanda ya yi shi. Kafin zuwan Juwairiyya, saƙonnin ofishin ba su wuce "gyara", "an ƙara gyara", "gyaran na jiya", "in sha Allahu yanzu ya yi". Abokin aikinta Khuzaima ya taɓa ajiye aikin mako guda da saƙon "na tafi masallaci". Ba wai lalaci kaɗai ba ne. Idan za ka faɗi abin da ka gyara, dole ka faɗi abin da ya ɓaci, abin da ya ɓaci kuwa wani ne ya ɓata shi, wanin nan kuma yana zaune kusa da kai, da shi za ka ci tuwo a kwano ɗaya. "Gyara" ba ta taɓa kowa.

Juwairiyya ta zo da nata salon. Layin farko gajere, ya faɗi abin da gyaran ya yi. Sai ta bar fili, sannan ta zuba: me ya lalace, me ya jawo, wace rijiya abin ya shafa, me ta gwada, me ba ta gwada ba. Khuzaima ya sa wa saƙonninta suna huɗuba. Da ya ji ta daɗe tana buga maɓallai sai ya ce, "A yi shiru, Malama ta hau mumbari."

Wanda bai taɓa yi mata dariya ba shi ne Obed, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a Birnin Kudu har 'ya'yansa ba su san wani gari ba. Yana cikin masu gyaran da ke zagaya rijiyoyi a kan babur. Akwatunan ba su da intanet, don haka duk sabon gyara sai mutum ya je da ƙafarsa, ya hau ƙarfen tanki, ya haɗa wayarsa da akwati ya ɗora. Kowane saƙon komit da ya shiga rumbu yana faɗawa kai-tsaye cikin guruf ɗin masu gyara a wayoyinsu, da shi suke yanke shawarar ko tafiyar ta cancanci a yi ta.

"Ni in na ga 'gyara' ko takalmi ba na sawa," in ji Obed. "In na ga huɗubar Malama Juwaira, na san inda zan nufa da abin da zan tarar."

A bazarar da ake magana a kanta, ruwan ƙasa ya ja baya da wuri. Wata Laraba aka wayi gari famfon Zandam ba ya zuba. Obed ya je da mutanensa suka jawo sumo daga rijiya, ya shinshina, ya kira ofis.

"Malama, wannan ya dahu. A bushe ya yi ta juyawa har ya ƙone."

"Ba zai yiwu ba," in ji ta. "In ruwa ya yi ƙasa akwatin yana hutar da shi."

"To wannan dai bai huta ba. Sai yanzu."

Ta buɗe manhajar ta duba inda hutun yake. Babu shi. An cire layukan da ke ba da umarnin hutun tsaf, ba kuskuren yatsa ba, aikin wanda ya san abin da yake yi. Ta bi baya ta sami gyaran da ya cire su. Saƙonsa kalma biyu ne, "ƙaramin gyara", sunan da ke jikinsa kuma Maikuɗi. Saƙon bai gaya mata komai ba. Obed ne ya tuna mata makon da aka yi shi. Baƙi ne za su zo daga ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin rijiyoyin, za su ga ta Unguwar Ya, inji kuma yana ta tsayawa yana hutawa, tanki ya ƙi cika. Injiniya yana son baƙi su tarar da ruwa yana ambaliya daga saman tanki, yara suna tsalle a ƙarƙashi. Suka tarar kuwa. Aka ɗauki hoto, aka ci kaji, aka manta da layukan.

Abin da ya fi ci mata rai na gaba ne. Bayan wannan makon ita ta yi wani gyara a kan ma'aunin tanki, ta rubuta masa huɗuba mai kyau, masu gyara suka karanta suka hau babura suka zagaya ƙauyuka. Sabuwar manhajar da suka ɗora tana ɗauke da nata gyaran da na Injiniya a cikinta. Ita ta tura su. Sunan da kowa ya gani na ƙarshe nata ne. A Zandam kuwa ba a buƙatar guruf, kowa ya san 'yar Talatu ce ke aikin kwamfutar famfo.

Mayar da layukan bai ɗauke ta lokaci ba. Saƙon ne ta zauna a kansa. Da ta gama ta ɗauki kwamfutar ta shiga ɗakin Injiniya da sallama, ta juya masa allon. Ga abin da ta rubuta:

"Mayar da hutun sumo idan ruwan rijiya ya yi ƙasa

"Gyara mai lamba 7c41e ya cire hutun da inji ke yi idan ruwa ya ja baya. Tun daga nan inji yana ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Haka ta faru a Zandam. Wannan gyaran ya mayar da hutun yadda yake a da. Duk akwatin da aka sabunta bayan ƙaramar Salla yana da matsalar, a fara da rijiyoyin da ruwansu ke saurin ja baya. Kada a sake cire hutun don tanki ya yi saurin cika. Ban gwada shi a kan tsofaffin akwatuna masu shuɗin murfi ba."

Injiniya ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau.

"Gyaran ya yi," ya ce. "Allah ya yi albarka. Goge huɗubar."

"Wane layi, Baba?"

"Duka. Rubuta 'inganta aikin inji'."

"Ai ba inganta shi na yi ba. Abin da aka cire na mayar."

"Aka cire." Ya yi murmushi. "Kin ga kin iya ladabi, ba ki ce wane ne ba. To wannan lambar fa? Duk wanda ya taɓa ta sunan wa zai gani?"

"Sunan wanda ya yi gyaran."

"Juwaira, ni kike yi wa Hausa?"

Ta sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mata, amma ba ta janye kwamfutar ba. Ya sassauta murya. Ya ce a guruf ɗin nan ba masu gyara ne kaɗai ba, akwai mutanen ƙungiya. Ya ce shi da kansa zai kira masu gyara ɗaya bayan ɗaya, ya ce su zagaya su sabunta, ba wanda zai ji, ba wanda zai gani. Ya ce zai sa sabon sumo a Zandam. Me kuma ake nema?

"In ka kira su me za ka ce musu, Baba?"

"In ce su je su sabunta."

"Za su ce me ya faru."

"In ce Injiniya ne ya ce."

"Za su je, amma sai sun gama da abin da ke gabansu, tunda ba su san inji ke ƙonewa ba. Injin ƙauyen Sundimina sai wani makon. Kuma wata rana wani zai zauna a kujerata, ya ga inji yana hutawa, ya ce wannan ɓata lokaci ne, ya sake cirewa, don babu inda aka rubuta abin da ya sa aka bar shi."

"Wanin nan ai ke ce."

"Yau ni ce."

Duk abin da suka faɗa gaskiya ne, kuma babu wanda ya faɗi ainihin abin da ke ransa. Injiniya ba ƙungiya yake tsoro ba, ya san yadda ake magana da su. Abin da ba zai iya haɗiyewa ba shi ne yarinyar da yake nuna wa baƙi yana cewa "'yata, ni na koya mata", ita ce za ta gyara masa aiki a rubuce, a inda ba ya gogewa. Ita kuma Juwairiyya tana da lambobin masu gyaran nan duka a wayarta. Da inji kaɗai ne damuwarta, da ta kira su tun kafin ta shigo ɗakin. Ba ta kira ba. Ba ta so a yi maganar a baki, a rubuce take son ta.

"Je ki yi tunani," in ji shi, ya mayar da tabarau. "Mabuɗin nan ni na ba ki. In rubutun nan ya shiga rumbu, ki ɗauka kin dawo mini da shi."

Washegari ta tafi Zandam, ta tarar ya riga ta. Bai zo da kansa ba, motar ruwa ya turo, tana tsaye a bakin masallaci, mata sun yi layi da jarkoki suna sa masa albarka. Ya kuma kira ƙanin mahaifinta, shi kuma ya kai maganar ga Inna. Juwairiyya ta sami Inna Talatu a ƙarƙashin rumfa tana shafa man zafi a wuya, don kwana biyun nan daga tsohuwar rijiyar fadama ake ɗauko ruwa a ka.

Inna ta bari aka gama gaisuwa, ta bari ta sha ruwa.

"Ke, me kika yi wa mutumin nan?"

"Ban yi masa komai ba tukuna."

"Tukuna. Wai rubutu za ki yi a kansa duniya ta karanta."

Juwairiyya ta fito da waya ta karanta mata saƙon daga farko har shuɗin murfi. Inna ta saurara da kai a karkace.

"Ni ban ji zagi ba."

"Babu zagi, Inna."

"To da kika gaya masa a baki ai ya ji. Rubutun na mene ne? Mutumin nan ya rufa mana asiri shekara da shekaru, ke ba za ki rufa masa na rana ɗaya ba?"

"Da nasa ne shi kaɗai da na rufa. Da sunana ake son rufa shi. Me Dada ta ce miki a bakin rijiya?"

Inna ta kawar da kai. Dada tsohuwa ce maƙwabciyarsu, bakinta ba ya ajiya, kuma Juwairiyya ta riga ta ji tun daga tasha. Cewa ta yi 'yar Talatu mai kwamfuta ta dafa wa gari inji.

"Af," in ji Inna a hankali. "Ashe ba don inji kike yi ba."

"Don inji nake yi."

"Ke dai."

Juwairiyya ta ɗago kai ta dube ta.

"To don inji da ni. Laifi ne?"

Inna ta rufe kwalbar man zafi, ta ce duk abin da za ta yi ta tuna ubanta a ƙasa yake, kuma mutumin nan ya yi masa kuka. Sannan ta ce ta tashi ta ɗauki jarka ta bi layin motar kafin ruwan ya ƙare. Juwairiyya ta ɗauka ta bi layin. Ta tsaya cikin matan da suka yi shiru da suka gan ta, ta gaishe da Dada har ƙasa, ta cika jarkarta da ruwan Injiniya ta kai gida.

Da safe ta koma ofis ta zauna gaban saƙon. Don Inna, ta gwada cire lambar. Ta karanta abin da ya rage, sai ya zama kamar layukan da kansu suka fita, ko gara ce ta cinye su. Wanda zai zo daga baya ba zai san inda zai duba ba, ba zai san daga wane gyara akwatuna suka fara ciwo ba. Ta mayar da lambar. Sai wani abu ya taso mata, ta ƙara layi: an cire hutun ne don baƙi su ga tanki yana ambaliya a Unguwar Ya. Ta karanta layin, ta ji daɗinsa har cikin haƙoranta. Ta tambayi kanta me zai ƙara wa mai gyara da ke saman ƙarfen tanki a Sundimina, ta ga babu. Kuma daga bakin Obed ta ji, ba ta gani a manhaja ba. Ta goge shi, tana jin kamar ta zubar da miya mai nama.

Khuzaima yana kallonta ta gefen ido.

"Malama, ki bari mana. Ki rubuta 'gyara' kawai, Allah ya san abin da kika gyara."

"Allah ya sani. Obed ne bai sani ba."

"Obed ai ya sani."

"To sauran."

Tana iya dannawa daga inda take zaune. Ba ta yi haka ba. Ta ɗauki kwamfutar ta je ƙofar Injiniya, ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta yi godiyar motar ruwa. Ya amsa duka bai ɗago ba.

"Baba, zan shigar."

"Kin gyara rubutun?"

"Na duba shi. Daidai yake."

Ya juya shafin takardar da ke gabansa. "To Allah ya ba da sa'a."

A nan bakin ƙofarsa, da kwamfutar a kan gwiwarta, ta danna. Wayar Khuzaima ta yi ƙara a ɗaya ɗakin, ta Injiniya ta yi ƙara a kan tebur. Bai taɓa ta ba. Kafin a kira azahar ta gwada mabuɗinta a rumbu, aka ce ba ta da izini. Ta kwashe abin da ke cikin kwamfutar nata ne, ta goge allon da gefen mayafinta, ta ajiye masa ita a kan kujera, don tasa ce tun asali. Ta yi wa mai shagon taya sallama ta fita titi.

Masu gyara suka bazu a ranar, wasu ko abinci ba su tsaya ci ba. A Sundimina an tarar da inji ya yi zafi har ba a iya taɓa bututunsa, amma yana da rai. Wata mata daga ƙungiya ta yi tambaya a guruf, Injiniya ya ba ta amsa mai kyau cikin natsuwa, ta yi godiya, magana ta mutu. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya ƙwace masa aiki. Wataƙila da an yi masa wani abu da ya fi sauƙin yafewa, don da ya sami abin da zai nuna ya ce ga abin da ta jawo. A Zandam kuma an sa sabon sumo, aka yi wa Injiniya addu'a a masallaci. Mutanen Zandam ba sa karanta saƙon komit. Har yau in famfo ya yi tari, Dada takan ce a tambayi 'yar Talatu.

Yanzu Juwairiyya tana Gwaram. Ta kama rabin shago kusa da tasha, tana gyara wa mutane abin da ya rikice a wayoyinsu, tana koya wa matan aure da 'yan makaranta kwamfuta da yamma. Mabuɗin rumbu yana hannun Khuzaima. Sai dai rumbun a buɗe yake, kowa yana iya turo gyara daga waje, masu mabuɗi su karɓa ko su ƙi a idon jama'a. Tana turowa. Huɗubobinta ba su rage tsawo ba. Khuzaima yakan kai wa Injiniya, Injiniya ya karanta da tabarau, ya ce "shigar", ba ya ƙara kalma. In sun haɗu a wurin suna ko jana'iza takan durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi Inna, ya ce "Malama Juwairiyya". Rabonsa da "'yata" tun ranar.

Bayan damina Obed ya tsaya da babur a ƙofar shagonta, ya cire hular kwano, ya karɓi ruwan sanyi, ya yi ta zagaye-zagaye a kan hanya da tsadar taya kafin ya zo kan abin da ya kawo shi.

"Oga ne ya aiko ni. Ba aike ba dai, ya faɗa ne a inda zan ji."

"Ina jin ka."

"Ya ce kujerarki tana nan. Khuzaima yana ƙoƙari, amma kin san Khuzaima. Jiya ma 'gyara kashi na biyu' ya turo mana, ban san kashi na ɗaya ba. Ya ce ki samo babba ɗaya, ko ƙanin babanki, ku je ki ba da haƙuri, a mayar miki da mabuɗi. Shi ke nan."

"Haƙurin me?"

"Haba Malama. Haƙuri dai. Irin wanda ake bayarwa."

Ta ajiye wayar da take gyarawa. Tana son kujerar nan, Obed ya sani, ita ma ba ta ɓoye ba. Rabin shago kusa da tasha ba shi ne abin da ta yi karatu don shi ba, kuma kullum ta turo gyara daga waje sai ta ji kamar mai leƙen gidansu ta katanga.

"Ka gaya wa Baba ina gaishe shi," ta ce. "Ka ce ban ƙi ba. Ya rubuto mini abin da na ɓata, da yadda aka yi ya ɓaci, da wanda abin ya shafa. In na karanta na ga wurin, wallahi da ƙafata zan zo in gyara, ba sai da babba ba."

Obed ya dube ta, ya dubi hularsa.

"Haka zan faɗa masa? Duka?"

"Duka. Kada ka rage."

Ya shanye ruwan, ya sa hula, ya tayar da babur yana girgiza kai. Ita kuma ta jawo wayar da ta ajiye, ta ce wa mai ita ya matso ya gaya mata tun daga farko me ya taɓa kafin ta ɗauke.